Ƙonewar Gasket: Ciwon Da Kan Kwantar Da Mota Da Mai Ita

Cikin dukan maganganun da mai mota kan ji daga bakin makanike, kaɗan ne suke tayar da hankali kamar a ce masa gasket ya ƙone. Ma'anar wannan magana ita ce za a buɗe inji, mota za ta kwana a gareji, aljihu kuma zai girgiza. Ga ma'aikacin ofis abin bai wuce wahalar neman abin hawa na 'yan kwanaki ba. Amma ga direban haya da ke jigila tsakanin Ikko da Badun, ko tsakanin Kano da Maiduguri, kowace ranar da mota ta yi a kwance rana ce da ba a kai kuɗin cefane gida ba, ga kuma mai motar yana jiran balas ɗinsa.

Shi kansa gasket ɗin ba wani abu ne mai tsada ba idan aka gwada shi da sauran kayan inji. Abin da ke cin kuɗi shi ne aikin kaiwa gare shi, da ɓarnar da yakan jawo in an yi sakaci, da kuma maimaita aikin sau biyu ko uku saboda an yi shi ba bisa ƙa'ida ba. Akwai ma waɗanda aka kwance musu inji a banza, alhali kuwa ciwon motarsu bai wuce murfin lagireto ba. Saboda haka ya kamata kowane mai mota da kowane direba su san yadda wannan ciwo yake, da yadda ake tabbatar da shi, da abin da ya wajaba a yi kafin a ce an gama gyara.

MENE NE GASKET?

Injin mota manyan sassa biyu ne aka haɗa. Na ƙasa shi ne gangar jiki, wadda makanikai ke kira bulok, a cikinta ne ramukan silinda suke, inda fistin ke hawa da sauka. Na sama shi ne kan inji, watau tof-silinda, wanda ke ɗauke da bawul da fulogi. Komai kyan sassaƙar da aka yi wa fuskokin waɗannan ƙarafa biyu, in aka haɗa su haka nan ba za su riƙe iska ba. Don haka ake shimfiɗa wani siririn faifai a tsakaninsu, wanda kaurinsa bai cika kai milimita 2 ba, sa'an nan a ɗaure da dogayen ƙusoshi masu tiredi, yawanci guda 10 a inji mai silinda huɗu. Wannan faifai shi ne gasket ɗin kan inji, ko tof-gasket.

Abu uku yake rabawa. Akwai wutar da ke tashi a cikin silinda, akwai ruwan sanyaya inji da ke bin hanyoyinsa daga bulok zuwa kai, akwai kuma baƙin mai da ke hawa sama domin jiƙa bawul ya dawo ƙasa. A wasu wurare tazarar da ke tsakanin ramin wuta da hanyar ruwa ba ta kai faɗin yatsa ba. Idan inji yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, kowace silinda takan kama wuta sau 25 a daƙiƙa ɗaya, zafin wutar ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas. Sa'ad da mota ke hawan tudu da kaya kuwa, matsin da ke cikin silinda yakan ninka iskar da ke cikin taya sau 20 ko fiye. Duk wannan nauyi a kan siririn faifan nan yake sauka.

A da ana yin gasket da tagulla, ko da wani haɗi mai asbestos wanda aka kewaye bakin kowace silinda da zoben ƙarfe. Daga shekarun 1990 yawancin masu ƙera motoci sun koma ga na ƙarfe zalla, falle-falle da aka jera aka shafe da roba mara kauri. Wannan sabon samfuri ya fi ƙarko, amma ba ya yafe kuskure: in fuskar ƙarfen da zai kwanta a kai tana da kaushi ko karkata, ba zai riƙe ba.

ABIN DA KE ƘONA SHI

Babban makashin gasket shi ne zafin inji da ya wuce kima. Tsofaffin direbobi za su tuna Volkswagen Beetle da aka fara harhaɗawa a Ikko a 1975, wadda iska ce ke sanyaya injinta, ba ta da lagireto balle ta tafasa ruwa. Motocin da ke kan hanya yanzu kuwa da ruwa suke rayuwa, kuma an shirya su su yi aiki a tsakanin digiri 85 zuwa 105. Da zarar zafi ya zarce haka da nisa, ƙarfe yakan fara sauya siffa.

Dalilin yana cikin halin ƙarafan. Kan inji yawanci na alminiyum ne, shi kuwa alminiyum in ya yi zafi yakan buɗe kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Kan inji mai tsawon santimita 50, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 100, zai ƙara tsawo da milimita ɗaya da ɗoriya, bulok na baƙin ƙarfe kuwa kamar rabin haka. An yi gasket ne ya jure wannan gogayya a zafi na ƙa'ida. Amma in zafin ya yi tsanani, kai yakan kumbura ya murƙushe gasket a ƙarƙashinsa, bayan ya huce kuma ya bar rata, ko ya lanƙwashe gaba ɗaya. Ta wannan rata wuta ke samun hanya, kamar yadda akan ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Abubuwan da ke kawo zafin kuwa sanannu ne: tiyo da ya tsage yana ɗigar da ruwa, fanka da ta daina juyawa, fanbel da ya tsinke, famfon ruwa da fukafukansa suka cinye, lagireto da ya toshe daga ciki da tsatsa ko daga waje da ƙurar hunturu da ƙwari. Yanayin ƙasar nan yana ƙara wa abin nauyi. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, a Ikko da Fatakwal kuwa mota kan yi sa'o'i a cunkoso ba iskar da ke bugun lagireto sai ta fanka.

Murfin lagireto ma yana da rawar da yake takawa wadda mutane da yawa ba su sani ba. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, a Jos kuwa saboda tudu yakan tafasa a wajen digiri 96. Murfi mai lafiya yana matse ruwan, ta yadda ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120. In robar murfin ta mutu, ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai riƙa tafasa yana zubewa alhali babu abin da ya sami inji.

Akwai al'adu biyu da suka zama ruwan dare a garejin ƙasar nan waɗanda ke jawo ɓarna a hankali. Ta farko ita ce cire tamostat daga motar da aka shigo da ita, bisa zaton wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Tamostat ƙofa ce da ke buɗewa in ruwa ya kai digiri 80 zuwa 90, in ta buɗe kuwa ba ta hana ruwa wucewa. Cire ta yakan sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya kuma ci kansa. A injuna da yawa ita ce ke rufe wata gajerar hanya da ruwa kan bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba, don haka rashinta yakan iya jawo zafin da ake gudu. Al'ada ta biyu ita ce zuba ruwan rijiya ko na burtsatse maimakon kulant. Irin wannan ruwa yana barin ƙasa-ƙasa a hanyoyin lagireto, yana kawo tsatsa, yana kuma cin alminiyum da gefen gasket. Kulant yana ɗauke da magungunan hana tsatsa, kuma ya fi ruwa jinkirin tafasa.

Ban da zafi, akwai wutar da ke tashi ba a kan lokacinta ba, wadda direba kan ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani sa'ad da ya taka totur a tudu. Gurɓataccen fetur ko taimin da ba a saita daidai ba su ne kan kawo ta, kuma bugunta yana farfasa zoben gasket. Akwai kuma aikin baya da aka yi shi da ka. Wasu injunan ma an san su da rauni a wannan wuri tun daga ƙira. Misali shi ne injin Toyota mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE, wanda ke cikin Camry ta 2002 zuwa 2006: an sha samun tiredin ƙusoshin baya yana zarewa daga cikin bulok ɗinsa na alminiyum. A irin wannan hali ko gasket nawa aka sa ba zai zauna ba sai an dasa sabon tiredi na ƙarfe a ramukan.

ALAMOMIN DA AKE GANI

Alamomin sun danganta ga inda gasket ya fashe. Idan tsakanin silinda da hanyar ruwa ne, hayaƙin wuta zai riƙa kutsawa cikin ruwan. Za a ga kumfa na tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa, tiyon sama ya yi tauri kamar taya jim kaɗan bayan tayar da inji mai sanyi, ruwa yana tumbatsa daga robar ajiya, allurar zafi tana hawa musamman a tudu ko a gudu mai nisa. In an kashe mota kuwa abin yakan juya, ruwa ya riƙa tsiyaya cikin silinda. Da safe sai inji ya tashi yana rawa yana tsallake wuta, salansa tana fitar da farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa ko bayan inji ya yi zafi. In kulant ne a ciki, hayaƙin yana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Ruwa zai riƙa raguwa kullum ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba. Idan aka cire fulogi duka aka jera, za a tarar da ɗaya ya fita fes kamar an wanke shi, domin tururi ya wanke shi ɗin.

Idan fashewar tsakanin hanyar ruwa da ta mai ce, baƙin mai zai sauya launi ya koma kamar shayi da madara, ya kuma ƙaru a jikin sandar gwada mai, ko a ga mai yana yawo a saman ruwan lagireto. Wannan ita ce mafi haɗari, gama man da ya gauraya da ruwa ba ya kare mital da karanshaf, tafiya kaɗan ta isa ta sa inji ya buga. Idan kuma tsakanin silinda biyu maƙwabta ne, ba za a ga hayaƙi ko kumfa ba, sai dai mota ta rasa ƙarfi tana girgiza. Akwai kuma wanda ke ɗiga ta waje kawai, a ga jiƙa a gefen inji daidai mahaɗar kai da bulok.

Wani lokaci ruwan da ya taru a silinda cikin dare yakan yi yawa har inji ya ƙi juyawa in an murɗa makulli. Direban da ya gamu da haka kada ya sa a tura mota don ta tashi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in aka tilasta fistin a kansa sandar fistin, watau kwanrod, ita ce za ta lanƙwashe.

KADA A YI GAGGAWAR YANKE HUKUNCI

Ba kowane farin hayaƙi ne ke nuna gasket ba. Da sanyin safiya, musamman a lokacin hunturu ko damina, kowace mota takan fitar da tururi mara kauri da ɗigon ruwa ta salansa, ya ɓace bayan 'yan mintoci. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na ƙonewar baƙin mai ne, baƙin hayaƙi kuwa na yawan fetur ne. Haka nan ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin zuba mai yakan samu a motar da ba ta yin tafiya mai nisa, saboda raɓar da ba ta samun zafin da zai kore ta. Gaurayar mai da ruwa ma tana iya fitowa daga na'urar sanyaya mai da ta huje, ko daga bututun man giya da ke ratsa lagireto a motoci masu giyar otomatik. Daga ƙarshe, kan inji ko bulok da ya tsage yakan nuna alamomi iri ɗaya da na gasket sak.

Saboda haka mai mota yana da haƙƙin ya nemi a yi gwaji a gabansa kafin a ɗora sifana a kan inji. Gwaji na farko shi ne na matse ruwa: a ɗaura ɗan famfo mai geji a bakin lagireto, a hura gwargwadon abin da aka rubuta a murfin, a zuba ido. In allura tana sauka, a nemi ɗigo a tiyo da famfon ruwa da lagireto. In babu ɗigo a waje, ruwan ciki yake tafiya. Da wannan famfo ake gwada murfin shi kansa.

Na biyu shi ne gwajin ruwan shuɗi. Akwai wani kwalabe da ake zuba wa ruwan magani mai launin shuɗi, a ɗora shi a bakin lagireto inji yana aiki, a riƙa zuƙo iskar da ke saman ruwan ta ratsa maganin. In akwai hayaƙin ƙonewar mai a ciki, maganin zai koma rawaya a injin fetur, a na dizal kuwa yakan koma kore. Wannan gwaji ba ya ɗaukar lokaci, kuma in launi ya sauya babu sauran gardama cewa wuta tana shiga ruwa.

Na uku shi ne gwajin matsin silinda, watau kwamfireshan. Ana cire fulogi duka, a ɗaura geji a ramin kowanne bi da bi, a juya inji da makulli. A ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya da shi, injin fetur mai lafiya yakan nuna tsakanin 130 zuwa 200, gwargwadon irinsa, kuma bambancin da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta bai kamata ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 ba. In silinda biyu da ke jere suka faɗi tare, ana kyautata zaton gasket ya yanke a tsakaninsu. In ɗaya ce ta faɗi, a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake gwadawa: in matsi ya tashi, zoben fistin ne ya cinye, in bai tashi ba, bawul ne ko gasket.

Na huɗu, wanda ya fi nuna wurin ciwo, shi ne a kawo fistin can sama bawul duka a rufe, a hura iska ta ramin fulogi, a kasa kunne. In iska ta fita ta salansa ko ta mashigar iska, bawul ne. In ta fita ta wurin zuba mai, zoben fistin ne. In kumfa ta taso a lagireto, ko iska ta fito ta ramin fulogin da ke kusa, an kama ɓarawo.

IDAN ABIN YA FARU A HANYA

Yawancin gasket a cikin 'yan mintocin da direba ya ce bari in ƙarasa gari na gaba suke ƙonewa. Da zarar allura ta doshi ja, ko fitilar zafi ta kama, abin yi shi ne a kashe esi, a nemi gefen hanya mai aminci, a tsaya, a kashe inji. A jira aƙalla rabin sa'a kafin a taɓa murfin lagireto, sa'an nan a rufe shi da tsumma mai kauri a murɗa kaɗan iska ta fita tukuna. Ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasa, matsi ne kawai ya riƙe shi, in aka buɗe da gaggawa zai yi tsiri ya sami fuska da hannu. Wanda tsautsayi ya faɗa masa a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20 a kai shi asibiti, kada a shafa masa baƙin mai, ko ɗanyen ƙwai, ko man goge baki.

Kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, kada kuma a ɗura shi cikin lagireto nan take, domin sanyin farat ɗaya yana tsaga ƙarfe. Bayan inji ya huce a ƙara ruwa a hankali, a duba sandar mai. In man ya sauya launi, ko ruwan da aka zuba yana tumbatsowa da kumfa, ko zafi ya sake hawa nan da nan, a nemi janwe. Kuɗin janwe bai kai kuɗin inji ba. Dabarun fasa ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto suna iya toshe ƙaramin huji na ɗan lokaci, amma ba su da abin da za su yi wa gasket, sai ma su toshe hanyoyin ruwa. Magungunan kwalba da ake sayarwa da sunan liƙe gasket su ma jinkirta aiki kawai suke yi, in ma sun yi.

AIKIN GYARA

Gyara na ƙwarai yana farawa ne da inji mai sanyi sarai. Ana cire kan batir, a zubar da ruwa da mai, a yi wa taimin alama kafin a cire bel ko sarƙa. Ƙusoshin kai ana sassauta su ne kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya, domin kada kan ya murɗe. Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 kuma har yanzu ake ganin sauranta a wasu tashoshi, tana da wani sharaɗi na musamman. Silindarta hannun riga ne da ake zarewa, ruwa yana kewaye da su, don haka in an ɗaga kai tilas a danne su, kada kuma a juya inji, in ba haka ba liƙin da ke ƙasansu zai motsa ruwa ya riƙa sauka cikin mai bayan an gama aiki.

In an ɗaga kai, mai mota ya nemi a nuna masa tsohon gasket da inda ya fashe. In ba a ga wurin fashewa ba, akwai alamar tsaga ce a kai ko a bulok, kuma sabon gasket ba zai warkar da ita ba. Wajen kankare ragowar tsohon gasket a yi hattara da kayan aiki masu kaifi a kan alminiyum. In irin na da ne mai asbestos, a jiƙa shi kafin a kankare, gama ƙurarsa tana cutar da huhu.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa, watau auna karkata. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar kai, a tsaye da a kwance da kuma kusurwa zuwa kusurwa, a gwada zura siraran reza na awo a ƙarƙashinsa. A injuna da yawa masu silinda huɗu, ratar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, watau kaurin gashin kai ko fallen takarda. Ido ba ya ganin wannan. In karkata ta wuce haka, sai a kai kan wurin masu injin aske ƙarfe su daidaita fuskarsa, su kuma gwada shi da matsi ko yana da tsaga. Goga shi da hannu a kan samfefa ba ya ba da fuskar da gasket na ƙarfe ke bukata. Askin ma yana da iyaka, domin kan da aka rage fiye da ƙa'ida yana ƙara matsi, yana kuma kusanto da bawul ga fistin. Haɗa gasket biyu don cike gurbin abin da aka aske aikin ɗan lokaci ne. A injunan dizal kaurin gasket hawa-hawa ne, kamar na Volkswagen masu huji ɗaya ko biyu ko uku a gefe, kuma ana zaɓa ne bisa yadda fistin ya ɗara fuskar bulok.

Wajen sayen sabo, kasuwannin Ladipo a Ikko, da Nkwo a Nnewi, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, duk ana samun mai kyau ana samun na banza, sau da yawa a cikin kwali mai kama da juna. A je da lambar inji, a gwada sabo da tsoho rami da rami. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ta fi dacewa, domin ragin da aka samu a kan gasket bai kai kuɗin sake buɗe inji ba.

Kafin a mayar da kai, a share ramukan ƙusoshi a busar da su. Ruwa ko mai da ya kwanta a ƙasan rami yana hana ƙusa zama, har yakan tsaga bulok in an matsa. Ana shimfiɗa gasket a bushe, fuskar da aka yi wa alama tana sama, ba tare da shafa gam ba sai a inda littafin motar ya ce. Ƙusoshin motocin zamani da yawa an yi su ne su ɗan miƙe in an ɗaure, irin waɗannan ana sauya su ne, ko aƙalla a auna su bisa littafi. Ɗauri kuwa daga tsakiya yake farawa ya bazu zuwa gefe, mataki-mataki, da sifana mai awo, a wasu injunan a ƙarasa da murɗi na kusurwa, kamar digiri 90. Makaniken da ya ɗauko dogon bututu ya ce hannunsa ya san awo, ya riga ya shirya wa motar dawowa.

Bayan haɗawa a zuba sabon mai da sabuwar matatar mai, in ruwa ya taɓa gauraya da man a sake sauyawa bayan 'yar tafiya kaɗan. A wanke hanyoyin ruwa, a zuba kulant, a fitar da iskar da ta maƙale. Tsofaffin injuna irin na 504 suna bukatar a sake bin ɗaurin ƙusoshi bayan tafiyar farko, na zamani kuwa ba sa bukata. Abu mafi muhimmanci shi ne a gano abin da ya kawo zafin tun asali, ko fanka ce, ko lagireto, ko famfon ruwa, ko murfi, a gyara shi, a mayar da tamostat. Wanda ya sauya gasket ya bar sanadin, zai sake saye.

GYARA KO SAUYA INJI?

In an tsaya da wuri, kai bai tsage ba, mai bai gauraya da ruwa ba, gyara ya fi sauƙi kuma inji zai koma kamar da. Amma in an yi tafiya da gurɓataccen mai har inji ya fara ƙara daga ƙasa, ko bulok ya tsage, ko silinda ta yi zane, to lissafi ya sauya, sau da yawa sayen injin da aka shigo da shi ya fi. Mai saye ya tuna cewa shi ma wannan injin ba a san tarihinsa ba. A yi yarjejeniya da mai sayarwa a rubuce kan kwanakin gwaji, a kuma gwada matsinsa da zarar an ɗora. Lagireton da ya kashe tsohon inji kuwa zai kashe sabon in ba a duba shi ba.

Mai sayen mota ta hannu shi ma ya nemi a tayar da ita a gabansa tana da sanyi, ya duba launin mai da na ruwa, ya dubi salansa, ya tambayi dalili in ya ga an haɗa fanka kai tsaye ko an cire tamostat, gama wani lokaci da haka ake ɓoye ciwon zafi.

Ga wanda motarsa ke lafiya, abin da ake bukata kaɗan ne. Ya duba ruwa da mai da safe kafin ya tayar da inji, aƙalla sau ɗaya a mako, direban haya kuwa kullum. Ya sauya kulant a kan lokacin da littafin motar ya ƙayyade, ya ajiye shi nesa da yara da dabbobi domin yana da zaƙi kuma guba ne. Ya sa a wanke fuskar lagireto bayan hunturu, ya sauya tiyon da ya kumbura ko ya yi laushi tun bai fashe ba. In mota ta fara neman ƙarin ruwa kowane 'yan kwanaki, ya kai ta a gwada tun ranar, kada ya mai da ɗaukar jarka al'ada. Ya kuma saba wa idonsa da leƙa allurar zafi kamar yadda yake leƙa ta fetur, musamman a cunkoso da kan tudu. Rigakafi dai, in ji masu iya magana, ya fi magani.